Daga Alkuki Zuwa Bututu: Yadda Wayar Lantarki Ta Nemi Mazauni a Bangon Bahaushe

Wanda ya shiga zauren wani tsohon gida a Achilafiya, cikin ƙaramar hukumar 'Yankwashi ta masarautar Kazaure, ya ɗaga kai ya dubi bango, zai iya karanta tarihin wutar lantarki a yankin ba tare da ya buɗe littafi ba. Akwai tsohuwar waya da ta shigo daga falwaya ta bi ta saman ƙofa, an danne ta da ƙananan ƙusoshi masu kan roba, wasunsu sun zare sun bar ta tana reto. Kusa da ita akwai wata da aka ja daga baya zuwa inda ake ajiye janareta. Ta ukun ita ce sabuwa, ja da baƙa, ta sauko daga farantin sola da ke kan rufi ta nufi batir a lungu. Can ƙasa da su duka, idan ba a toshe shi ba, akwai ɗan gurbi da aka fafe a jikin bangon tun ranar gini. Sunansa alkuki, kuma nan ne mazaunin fitila.

Magini ya san da zuwan fitila, shi ya sa ya tanadar mata wuri. Waya kuwa baƙuwa ce da ta tarar an gama gini, kuma tun daga ranar da ta iso ake neman inda za a sauke ta. Hanyoyi uku duniya ta sani: a bar ta a fili a jikin bango, a binne ta cikinsa, ko a shimfiɗa mata makwanci mai murfi wanda ake iya buɗewa a mayar. Wannan na uku, musamman na ƙarfe mai ɗan ado, an ƙirƙiro shi fiye da shekara 100 da suka wuce domin gidaje irin na Achilafiya, wato waɗanda suka riga wuta zuwa. Amma shi ne mafi ƙarancin karɓuwa a ƙasar Hausa, kuma dalilin hakan yana cikin tarihin bangon kansa.

Bangon da ya san komai

Ginin ƙasa na Hausawa tsari ne da ya tanadi kowane abu tun daga tushe. Ana ɗora tubali a kan tubali, a ɗaure rufi da azara, a juya baka har ta haɗu a tsakiyar soro, a shafe waje da makuba ko laso domin ruwan sama. Hayaƙi yana da mafitarsa, ruwan rufi yana da indararo, fitilar mai tana da alkuki. Ado ma ba a jira sai an tare sannan a yi tunaninsa. Da danyen yaɓe ake zana dagi da sauran siffofi, abin da ya yi daidai da karin maganar nan ta "tun ran gini, ran zane". Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19, da Gidan Makama a Kano, da tsofaffin gidajen Birnin Damagaram, duk shaida ne a kan inda wannan fasaha ta kai.

Sabon abu bai taɓa gagarar wannan bango ba muddin ya shigo ta hannun magini. Da farantan tangaran da na ƙarfe suka yawaita a kasuwa, sai aka riƙa kafa su a cibiyar rufin soro. Da kwano ya zo, maƙera suka sarrafa shi ya zama indararo. A tsakiyar ƙarni na 20, magina a Zariya da Kano sun riƙa zana keke da mota da agogo a fuskar gidajen attajirai, su gauraya siminti cikin shafen. Fitilar ƙwai da ta gaji ta man gyaɗa ba ta nemi komai ba face ƙusa ko wancan alkukin. Waya ce kaɗai ta shigo ba ta hannun Sarkin Magina ba. Wani ma'aikaci daban ne ya kawo ta, mai horo daban da ƙa'idojin da aka rubuta domin wani irin bango a wata ƙasa.

Yadda wasu suka fara cin karo da matsalar

A watan Satumba na 1882 Thomas Edison ya kunna tashar wutarsa a titin Pearl da ke birnin New York. A wannan shekarar ce kuma ƙungiyar injiniyoyin wayar tarho da lantarki a Landan ta fitar da ƙa'idojin wayarin na farko a Ingila, kuma sunan takardar ma yana magana ne a kan rigakafin gobara. Amurka ta fitar da nata kundin ƙa'idojin a 1897. Gidajen da aka fara sa wa wuta a biranen nan tsofaffi ne, an gina su domin kyandir da fitilar gas, kuma masu su ba su yarda a farfasa musu bango ba.

Mafita ta farko ta kafintoci ce. Sai a sami siririn katako a fafe masa kwari biyu, kowace waya ta kwanta a nata, sannan a rufe da wani katakon a ɗaure da noti. A gidajen masu hali akan sassaƙa murfin ya yi kama da adon gefen silin ko na gindin bango, ta yadda baƙo ba zai gane akwai waya a ciki ba. Wasu kuma suka riƙa zura waya cikin tsofaffin bututan gas da aka daina amfani da su, wanda ya zama mafarin tunanin bututun wayarin. Amma katako yana shan laima, yana kuma cin wuta. Waya mai zafi a cikin busasshen katako gobara ce mai jiran lokaci, don haka daga baya ƙa'idoji suka yi watsi da shi.

Daga nan ne makwancin ƙarfe ya fito. A farkon ƙarni na 20 wani kamfani a Pittsburgh mai suna National Metal Molding ya riƙa ƙera shi, sannan wajen 1916 kamfanin da aka sani da Wiremold, na Hartford a jihar Connecticut, ya fito da nasa samfurin. Siffarsa mai sauƙi ce: gindi na ƙarfe da ake kafawa a bango, da murfi da ake dannawa a kansa, da gwiwoyi domin kusurwa, da ƙananan akwatuna domin makunni da soket. Ana yi masa fenti ya saje da ɗaki. Ya ɓoye waya daga ido, ya kare ta daga haƙorin ɓera da bakin ƙusa, amma ya bar wa mai gyara hanyar isa gare ta cikin 'yan mintuna. A 1935, lokacin da gwamnatin Roosevelt ta kafa hukumar kai wuta karkara, kimanin gida ɗaya ne cikin goma na manoman Amurka yake da lantarki. Sauran duk gidaje ne da aka gama ginawa, don haka wayarin saman bango, mai murfi ko marar murfi, ya ci gaba da samun kasuwa.

Wuta ta iso Arewa

Legas ta sami tashar wuta a 1896. A Arewa, kamfanin NESCO da aka kafa a 1929 ya riƙa samar da wuta daga ruwan Kurra domin masu haƙar kuza a Jos. A farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, En'e ta Kano ta kammala aikin ruwan famfo da wutar lantarki daga Challawa. Hukumar ECN ta fara aiki a 1951, madatsar Kainji ta soma ba da wuta a 1968, sannan a 1972 aka haɗe ECN da hukumar madatsun Neja aka sami NEPA, sunan da har yau yara suke kira idan ƙwan fitila ya kama.

Tare da wutar aka shigo da ƙa'idojin Ingila, har da soket mai ramuka uku da aka fito da shi a can a 1947. A gidajen gwamnati na Nasarawa da ofisoshi da asibitoci, inda bango na bulo ne ko na dutse, ƙa'idojin sun zauna daram. A cikin birni kuwa, mai wayarin ya tarar da bango mai kauri wanda ake sake yaɓe shi bayan damina. Idan ya fafe shi ya binne bututun ƙarfe, ya raunana shafen da ke kare ginin, laimar Agusta kuma ta sa wa bututun tsatsa. Idan ya kawo katako, gara ta cinye. Abin da ya rage shi ne ya bi saman bango da waya da ƙusa, ya ratsa ta kan dagi da zanen da aka ɓata kwanaki ana yi, ya rataye ƙwai a cibiyar soro inda farantin ado yake. Da lokacin yaɓe ya zagayo, sai ƙasa ta rufe wani sashe na wayar ta bar wani a waje.

Ƙasar Kazaure, wadda Ɗantunku ya kafa masarautarta a farkon ƙarni na 19, tana cikin jihar Kano har zuwa 27 ga Agusta, 1991, ranar da aka ƙirƙiro Jigawa. Wuta ta riƙa isa garuruwan karkara ɗaya bayan ɗaya ta hannun hukumar wutar karkara ta jihar Kano, aikin da ya yi ƙarfi a zamanin Gwamna Abubakar Rimi tsakanin 1979 da 1983, sannan ta hannun hukumar DFRRI da gwamnatin Babangida ta kafa a 1986. Aikin gwamnati yakan tsaya a taransifoma da falwaya. Daga falwaya zuwa ɗaki nauyin mai gida ne, kuma mai gidan da ya shekara yana jiran wuta ba ya son ya ƙara ko mako guda. Ya kira wanda ya iya, a sayo waya gwargwadon kuɗin aljihu, kafin magariba an kunna. Daga 1986 kuma darajar naira ta faɗi ƙarƙashin shirin gyaran tattalin arziki, kayan ƙarfe na waje suka yi tsada. Makwancin ƙarfe, wanda da ma bai shiga kasuwannin karkara sosai ba, ya ƙara nisa.

Zamanin bulo da binnewa

Kuɗin man fetur na shekarun 1970 ya sauya kayan gini. A 1975 jiragen ruwa ɗauke da siminti sun yi cincirindo a gaɓar Legas har suka toshe tashar. Bulo da kwano suka zama alamar ci gaba, daga Kano har Roni da Gwiwa da Babura. Bangon bulo yana karɓar kurfi, ga kuma bututun roba mai araha wanda ba ya tsatsa. Sai masu wayarin suka raba aikinsu gida biyu da sunayen da kowane mai gini ya sani a yau: safes, wanda waya ke bin saman bango, da kondit, wanda ake fafe bulo a binne bututu kafin a yi filasta. Kondit ya zama na masu hali. Bango sumul ba waya ko ɗaya shi ne shaidar gida ya ginu.

Binnewa tana da fa'ida ta gaske idan an yi ta bisa ƙa'ida. Matsalarta ita ce abin da aka binne ba ya ganuwa, mai kyau ne ko marar kyau. A ƙa'ida, wayar fitilu takan kai kaurin milimita murabba'i 1.5, ta soket 2.5, na'urar sanyaya ɗaki da tukunyar dafa ruwa kuma kowacce da layinta. Mai gidan da ke aiki a Abuja yana aiko da kuɗi ba zai san ko an sa hakan ba, ko an sa wayar da aka rage wa kauri, ko wadda cikinta sanholo ne aka yi wa rufin tagulla. Gidaje kaɗan ne suke da zanen da ke nuna inda bututu ya bi. Shekara goma bayan tarewa, an ƙara firji da injin niƙa da dutsen guga, layin da aka yi domin fanka da talabijin yana ɗaukar abin da ya fi ƙarfinsa, robar jikin wayar tana narkewa a inda ba mai gani.

Ado ma ya dawo ta wata ƙofa. Silin na fi'ofi, da fitilunsa da ke leƙowa daga lunguna da kwalliyar gefensa, ya mamaye falukan sababbin gidaje. A ido ya yi kama da abin da kafintocin Ingila suka yi da katako. Amma a gidaje da yawa, abin da ke bayansa wayoyi ne a warwatse, an murɗe bakunansu an naɗe da tef, suna kwance tsakanin katakon rufi da zafin kwano, inda ɓeraye suke kai da komo.

Jami'an kashe gobara a jihohin Arewa sukan ambaci matsalar wayar wuta cikin manyan abubuwan da ke haddasa gobara, kuma 'yan kasuwa sun san abin da gobara take ci. Kasuwar Sabon Gari ta Kano ta ƙone a Maris na 2016, babbar kasuwar Sakkwato a Janairun 2021, ta Katsina a Maris na wannan shekarar. Gobarar gida ba ta cika shiga labarai ba, amma ita ce ke samun mutane suna barci, sau da yawa bayan an dawo da wuta cikin dare an tarar da abin da aka manta a kunne.

Sola ta dawo da waya fili

An mayar da NEPA zuwa PHCN a 2005, a Nuwamban 2013 kuma rarraba wuta a Kano da Katsina da Jigawa ya koma hannun KEDCO. Sauyin suna bai hana gidaje neman wata madogara ba. Janareta ya zo da nasa layin da canjoba. Sola ta biyo baya, kuma ƙasar Kazaure tana cikin wuraren da aka fara gwada ta a matakin ƙauye: a farkon shekarun 2000, zamanin Gwamna Saminu Turaki, ƙungiyar SELF ta Amurka ta kafa farantan sola a wasu ƙauyukan Jigawa, ciki har da Wawan Rafi. Yau faranti ɗaya ko biyu a kan rufin kwano ba abin kallo ba ne a garuruwan yankin.

Kowane sabon layi yana tarar da gidan da aka gama, kamar yadda wayar farko ta tarar da soro. Ko gidan da aka yi wa kondit, bututansa sun cika ko ba su bi ta inda batir yake ba, kuma ba wanda zai fasa fenti da tayil domin waya. Ga shi wayar batir ba ta son wasa. Na'urar da ke jan wat 600 tana buƙatar kimanin amfiya 2.6 a layin bolt 230, amma a batir mai bolt 12 tana jan amfiya 50, wanda ke neman waya mai kauri da haɗi mai ƙarfi. Mutane da yawa suna ɗauka wutar batir ba ta da haɗari tunda ba ta ja, alhali ita ma tana ƙona ɗaki.

A nan ne makwanci mai murfi ya sami shiga, bayan shekaru masu yawa. Masu wayarin suna kiransa tarankin, kuma kusan duk wanda ake gani a shaguna da gidaje farin roba ne. Yana da araha, ana yanka shi da ƙaramin zarto, ba ya ɗaukar wuta ya ja mutum. Rauninsa shi ne rana tana busar da shi ya riƙa karyewa, murfinsa yana ɓallewa, mai arahar cikinsa kuma yakan narke idan waya ta yi zafi. Na ƙarfe ya fi shi a duk waɗannan: ba ya ci da wuta, ɓera ba ya huda shi, yana shekaru bai motsa ba. Sai dai yana da sharaɗi guda da ba a sassautawa. Dole ne a haɗa jikinsa da wayar at, wadda ke kai wutar da ta ɓalle zuwa sandar da aka kafa cikin ƙasa, domin fiyus ko makashin wuta ya katse layin nan take. Idan babu wannan, waya ɗaya da ta goge ta taɓa ƙarfen za ta mayar da shi tarko daga wannan kusurwar ɗaki zuwa waccan, a daidai inda yara suke dafawa. A gidan da ba a kafa sandar ba, na roba ya fi aminci.

Abin da ya rage a haɗa

Hannun da zai iya aikin yana nan. Maƙeran fari sun daɗe suna sarrafa tagulla da azurfa, masu aikin kwano suna lanƙwasa akwatin ƙarfe da indararo, masu walda a bakin titin Kazaure suna ƙera ƙofofi masu ado. Kwalejin fasaha ta tarayya ta Hussaini Adamu tana garin. A ɓangaren doka, hukumar NEMSA, wadda dokar kafa ta ta fito a 2015, ita ce ke tantance masu aikin wayarin, dokar lantarki ta 2023 kuma ta ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu. Makwancin waya ba abin da kowane maƙeri zai buga da ka ba ne, domin kaifin baki ɗaya ya isa ya yanke robar waya, kuma kaurin ƙarfen da shafen da ke hana tsatsa suna da ma'auni. Amma idan aka fitar da ma'aunin, ba abin da zai hana murfinsa ya ɗauki dagi ko zanen da ya dace da bangon da yake bi, kamar yadda indararo ya zama ɗan gida.

Kafin nan, mai sabon gini yana da damar da mai tsohon soro bai samu ba. Zai iya neman a zana masa inda kowane bututu ya bi, a ɗauki hoton bango kafin filasta, a bar bututu biyu ko uku babu komai a ciki daga rufi zuwa inda batir zai zauna, a kafa sandar at a gabansa. Kuɗin wannan duka bai kai na kwalliyar silin falo ɗaya ba. Mai tsohon gida kuma zai iya tattara wayoyin nan uku ya kwantar da su a makwanci ɗaya mai murfi, a bi da shi ta gefen zane maimakon a ratsa ta kansa.

A wasu zaurukan har yanzu alkukin yana aiki. Fitilar mai ta daɗe da barinsa, amma nan ake ajiye wayar hannu idan an sa ta caji, domin shi ne wuri ɗaya a bangon da aka yi shi tun farko don a ɗora wani abu.